Baƙin Mai a Bayan Mage

Daga barandar gidanmu ana ganin layin gaba ɗaya, tun daga shagon mai burodi har kwanar da ƙananan bas suke juyawa. A hawa na uku muke, a Hayyin Ashir. Shekarata ta farko a Alƙahira kusan a barandar nan na yi ta, don Larabcina bai wuce na gaisuwa da sayen tumatir ba, karatun da na yi a gida ma bai yi nisa ba. In ina son wani abu sai in zura kwando da igiya yadda na ga matan nan suna yi, mai shago ya saka min, in janyo. Sauran lokacin kallo nake yi. Tunda ba na jin abin da mutane suke faɗa, sai idona ya koma yi min aikin kunne.

Karatun addini ne ya kawo maigidana garin nan. Abin da ake ba shi na ɗalibta na mutum ɗaya ne, mu kuwa mu uku ne, har da yarinyarmu da ta fara tafiya a lokacin. 'Yar fari ce, ba na kiran sunanta, ko a nan da babu mai yi min dariya bakina ba ya iyawa. Saboda mu ya sayi motar, wata tsohuwa fara da farinta ya koma kamar na haƙori. A unguwar Abbasiya ya samo ta, wajen wani mutum da ya yi ta rantse masa cewa injin lafiyarsa ƙalau, baƙin mai ma bai daɗe da juyewa ba. Da ita yake ɗauko sababbin ɗalibai daga filin jirgi, ya kwashe kayan masu canza gida, ya kai marar lafiya asibiti.

Ranar da ya kawo ta, muna cin abinci ya ce, "Kin ga motar nan, ita ce zamanku a garin nan. In ta riƙe mu, kun zauna. In ta ƙi, sai dai ku koma gida wajen su Inna har in gama."

Ba da faɗa ya faɗa ba, yana ma ba yarinyar loma a baki. Amma ni sai na tsame hannuna daga kwanon. Na san wannan zaman. A gida na haihu ba ya nan, a waya ya yi mata huɗuba, kuma ranar da muka sauka a ƙasar nan ya miƙa hannu zai ɗauke ta, ta ƙanƙame ni tana ihu kamar ta ga ɓarawo. An daɗe kafin ta yarda da shi. A lokacin da aka sayi motar ne ta fara ce masa Abba, in ta ji takunsa a matakala ta ruga bakin ƙofa.

To, yadda ake ajiye mota a layinmu ba irin na gida ba ne. Motocin sun fi wurin yawa, sai a jera su layi biyu, wata ta tare wata. Ba mai jan birkin hannu. Kowa a firi yake barin tasa, ya miƙar da tayoyi, ya kulle ya tafi. Akwai wani dattijo mai doguwar riga da tsumma a kafaɗa, sayis suke ce masa, aikinsa ke nan. In wani zai fita, sai dattijon ya jingina bayansa da motar da ta tare hanya ya tura ta gaba, ya tura ta gabanta, har a samu kafa. Motar da ka bari a ƙofar gida da yamma, da safe a gaban shagon aski za ka same ta.

Da safe nake shanya, shi kuma lokacin yake fita. Wata safiya yana jan motar na ga wani baƙin tabo a inda ta tashi, kamar faɗin tafin hannu, yana ƙyalli. Washegari a wani wurin ta kwana, da ya ja ta na sake ganin irinsa. Na bari sai da ya ci abinci ya huta, sannan na ce, "Malam, anya motar nan ba ta zubar da wani abu?"

Ya ce, "Wane abu?"

Na gaya masa. Ya yi dariya, ya kama hannuna ya kai ni baranda.

"Duba titin nan da kyau. Nuna min inda babu baƙin tabo."

Gaskiyarsa. Titin duk dabbare yake, tsohon tabo kan sabo.

Ya ce, "Kuma motar da ake turawa daga nan zuwa can, ta yaya za ki ce wannan nata ne, wancan ba nata ba? Wata ce ta tsaya a wurin kafin a turo tamu. Ma'alish, ba komai, ki kwantar da hankalinki."

Amma hankalin bai kwanta ba. Sai na yi dabara. Da la'asar da ya dawo ya shiga wanka, na sauka da kwalin taliya da na buɗe, na tura shi ƙarƙashin motar don in ga ko wani abu zai ɗiga a kai. Dattijon nan yana kallona, ya ce wani abu yana murmushi, na ce masa tamam, wato daidai ne, don ban san abin da zan ce ba. Da safe na leƙa. An tura motarmu can gaba, kwalina yana ƙarƙashin wata jar mota da ban sani ba. Kafin in gama haɗa shayi ma mai tara kwali ya zo da amalankensa ya ɗauke.

Magen ce ta sa na daina shakka. Akwai maguna da yawa a layin, amma wata fara mai guntun kunne ita yarinyar take so, kullum sai ta sa ni na zura mata ɗan kan kifi a kwando. Sanyi ya fara shigowa a lokacin, magunan suna bin motar da ta dawo da ɗuminta su shige ƙarƙashi. Wannan farar tamu ta zaɓa, wataƙila don Malam yana jefa mata abu in ya fito. Duk inda aka tura motar sai ta tashi ta bi ta. Ban taɓa ganinta ƙarƙashin wata ba. Sai ga shi bayanta ya fara baƙi, daga tsakanin kafaɗu, gashin ya manne. Tana lasa tana girgiza kai. Kullum baƙin ƙaruwa yake yi.

Na sake yi masa magana. Wannan karon bai yi dariya sosai ba, don yana cikin karatun jarrabawa.

"Yanzu kuma mage ce shaidarki?"

Amma ya sauka. Ranar wuri ya yi wuya, ya hau da tayoyin gefe ɗaya kan dakalin bakin titi, motar ta karkace kamar mai ciwon ƙugu. Ina kallonsa daga sama ya buɗe gaban, ya zaro wani dogon ƙarfe siriri da ake auna man da shi, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Ya ɗaga min shi sama kamar wanda ya kamo kifi.

"Ga shi nan, injiniya! Akwai mai. Khalas, magana ta ƙare?"

Na ce khalas. Me na sani game da ƙarfen awo?

Akwai wata dattijuwa a hawa na biyu, daga Sudan ta zo. Kakanninta Hausawa ne da suka taso aikin Hajji a ƙafa suka zauna a hanya, Hausarta cike da Larabci, amma muna fahimtar juna. Hajiya nake ce mata. Ita kaɗai nake shiga wajenta. Marigayin mijinta direban babbar mota ne, shi ya sa na kai mata maganar ranar da na je karɓar turaren wuta.

Ta ajiye abin da take dakawa ta ce, "Ke 'yata, mota mai zubar da baƙin mai ai kamar mai jego ce da jini bai tsaya mata ba. Tana tafiya, tana dariya, ana cewa ta warke. Rana ɗaya sai ta zube. In man ya ƙare ƙarfe ne zai ci ƙarfe, inji ya buga, shi ke nan sai a sayar wa masu kilo."

Na ce, "Ya auna, Hajiya, ya ce akwai."

"To magen fa, fenti ta shafa? Ki sake gaya masa."

"Na faɗa, na sake faɗa. In na ƙara zai zama kamar ina yi wa abin baki."

Wannan shi ne abin da ya fi daure ni. A gidanmu an hana mu yawan ambaton sharri a kan sabon abu. In mutum ya sayi akuya kika ce kamar tana tari, ranar da ta mutu ke za a kalla. Ina tsoron motar ta lalace, ina kuma tsoron ta lalace a ce bakina ne.

Hajiya ta taɓe baki ta ce, "Bakinki ne ya huda ta? Ku 'yan Najeriya da kunya. Ni da nawa mijin, Allah ya ji ƙansa, makullin nake ɓoyewa a cikin tukunya."

Na yi dariya, amma ban ɓoye makulli ba, ban kuma sake magana ba. Sai dai na koma saurare. Na san ƙarar motar nan in ya tayar da ita da safe kamar yadda na san tarin yarinyata. A 'yan kwanakin nan ta fara wani abu, in ta tashi sai ta yi ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana buga cokali a gindin kofi, sannan ta daina. Shi yana ciki, gilas a rufe, karatu yana tashi a rediyo.

Wata Juma'a ana sunan jaririn da matar abokinsa ta haifa a Abbasiya, muka shirya bayan an sauko daga masallaci. Na sa wa yarinyar rigarta ta sallah, na zauna a baya da ita da kwanon cincin da na soya. Mun hau wata babbar gada da ba ta da wurin tsayawa sai ƙarar ta dawo, kuma wannan karon ba ta daina ba. Na leƙa ta gefen kafaɗarsa. A gaban sitiyari wata 'yar jar fitila mai kama da buta ta kawo, ta ɗauke. Da ya sha kwana ta sake kawowa.

Na ce, "Malam, jar wuta."

"Na gani. Tana ɗaukewa ai. Waya ce ta saki, in mun isa zan duba."

"Ka ji ƙarar kuwa?"

"Saura kaɗan mu isa, ana jiranmu."

Tunda aka kawo ni gidansa ban taɓa ɗaga masa murya ba. Ban san lokacin da ta fito ba.

"Don girman Allah ka tsaya! Ka kashe motar nan!"

Yarinyar ta firgita ta fashe da kuka. Ya kalle ni ta madubi, kallon da ban taɓa gani ba. Muna sauka daga gadar ya raɓa gefe, gaban wani shagon ruwan rake, ya kashe. Ya fita ya buɗe gaban. Wani wari ya shigo, kamar an manta kasko a wuta.

Wurin shimfiɗe yake, babu dakali, babu karkata. Ya zaro ƙarfen awon, ya goge da hankicinsa, ya mayar, ya zaro. Ya daɗe yana kallonsa. Ya sake. Sannan ya zo ta tagar da nake ya nuna min, bai ɗaga shi sama ba. A bushe yake, sai ɗan baƙi a can bakinsa kamar an taɓa da kwalli.

Ya ce, "Inna lillahi."

Ya tafi gidan mai a ƙafa, mu muka zauna a motar. Mai ruwan raken ya miƙo wa yarinyar kofi, ya ƙi karɓar komai. Ina riƙe da kwanon cincin a cinya, abin da nake gani kawai shi ne akwatinmu da ke saman kwaba, da ɗakin Inna, da yarinyar tana kallon waya ana ce mata ga Abba. Da ya dawo da galan ya juye, na fito na durƙusa a bakin titi da kayan sunana, ban damu da masu wucewa ba. Ga shi nan yana ɗiga. Sabon man ma, mai ruwan zuma, ɗis, ɗis.

Mai raken ya nuna mana wani bakanike a bayan layin, muka lallaɓa a hankali. Usta ake ce wa irinsu a nan. Wani mai ƙiba ne, ba ya son magana. Ya hau da motar kan rami ya shiga ƙarƙashi, can ya kira Malam. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da goyo. Da Malam ya fito ya ce min kaskon da man yake zama a ciki ne ya tsage, tun tuni, an liƙe da wani irin gam an shafa baƙin fenti a kai. Gam ɗin ne ya saki, wataƙila ranar da ya ciko ta da akwatunan ɗalibai ta goga cikinta a tudun titi. Da ya ba da labarin awon da ya yi, ustan ya karkata tafin hannunsa, ya nuna yadda ɗan man da ya rage yake taruwa gefe ɗaya in mota ta hau dakali.

Na ce, "Injin fa?"

Ustan ya tsiyaye man a roba ya fito da ita rana, ya karkata. A cikin man akwai wasu 'yan ƙanana suna ƙyalli, kamar ƙyalƙyalin da ake sa wa a lalle. Ya shafa a yatsa ya murza. Ya yi doguwar magana, Malam ya fassara min gajeruwa, na san ba duka ya faɗa min ba. Amma na ga hannun ustan, ya shimfiɗa shi yana jujjuyawa, na kuma tsinci kalmar mumkin, wadda na sani, wato mai yiwuwa.

"Ya ce ƙarfe ya fara ci. Bai san iya inda ya kai ba sai an buɗe, buɗewar kuma ba aikin da za mu iya ba ne. Zai gyara kaskon ya zuba mai kauri. Mai yiwuwa ta kai shekara, mai yiwuwa gobe. Ban da doguwar hanya, ban da kaya masu nauyi." Malam ya kalli robar man. "Ya ce da na ƙarasa da ita Abbasiya da ba wannan maganar ake yi ba."

Ba mu je sunan ba. A ƙaramar bas muka koma, cincin ɗin yana cinyata. Muna shiga gida ya zauna a bakin gado ko hula bai cire ba, na ga idonsa ya tafi saman kwaba.

Ya ce, "Da na ji maganarki tun ranar magen."

Na ɗauka in ranar ta zo zan ji daɗi. Ban ji komai ba sai tsoro. Filin jirgi shi ne doguwar hanya, akwatuna su ne kaya masu nauyi, kuma su ne abincinmu.

Ya ce, "Zan kira Inna in fara shaida mata."

Na durƙusa a gabansa na ce, "Malam, kar ka kira tukuna. Ka ba ni zuwa ƙarshen jarrabawarka."

"Ki yi me?"

"Waina. Duk ɗalibin da ka ɗauko ba ka ce abin da yake fara tambaya shi ne inda zai samu abincin gida ba? Kula ba ta da nauyi. Daga nan zuwa Abbasiya kuma ba doguwar hanya ba ce."

Ya daɗe yana kallon yarinyar, ta hau gadon ta samu hularsa tana ja. Bai ce e ba. Bai dai kira ba.

Hajiya ce ta ara min tanda, wata ta ƙarfe da ta yi shekaru a ƙarƙashin gadonta, tana miƙo min tana cewa, "In kika ƙona min ita ke da magen taki za ku biya." Shinkafar nan ba irin tamu ba ce, ƙullin farko ya ƙi tashi, na biyu ya yi tsami da yawa, har na gane hannunta. Yanzu ina soyawa bayan asuba, in yi miyar taushe da kabewar da nake samu wajen 'yan Sudan, ya loda kuloli a kujerar baya ya bi gidajen ɗalibai kafin ya shiga aji. Bai kai abin da filin jirgi yake kawowa ba. Nama ya yi mana nisa. Amma jarrabawa ta zo ta wuce, ba a sauko da akwatin ba.

Ya roƙi dattijon layin ya riƙa bar masa wuri shimfiɗaɗɗe, kuma duk safiya sai ya auna kafin ya tayar. Ba ya ɗaga min ƙarfen yana tsokana. Sai dai ya sauke gilas, ya kashe rediyo, ya murza makulli, ya ɗago kai ya kalli baranda. Ni yake jira.

Ƙarar tana nan. In ta tashi sai ta yi ƙaf-ƙaf ɗinta, ni kuma in fara Fatiha a zuci. Da farko kafin in kai tsakiya ta daina. Yanzu sai na kusa shafawa. Ban gaya masa wannan ba tukuna, ina ta juya yadda zan faɗa. In ta lafa sai in gyaɗa masa kai, ya ja ya tafi, yarinyar tana ɗaga masa hannu ta tsakanin ƙarafan baranda. Ni kuma in duba inda motar ta tashi, sannan in nemi magen. Bayanta ya koma fari, sai ɗan wurin da gashin bai gama fitowa ba.